Jan Gari Da Shuɗin Gari A Hamadar Indiya

A arewa maso yammacin ƙasar Indiya, wajen iyaka da Pakistan, akwai wata jiha da ake kira Rajastan. Ita ce ta fi kowace jiha ta Indiya faɗin ƙasa, gama ta kai murabba'in kilomita 342,000, watau ta ɗara sulusin Nijeriya. Yammacinta hamada ce, ana ce da ita Thar. Wanda ya taɓa bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ba zai ga baƙon abu a can ba. Ga rairayi, ga ƙaya, ga raƙuma da awaki, ga mata ɗauke da tuluna sun nufi rijiya. Ƙasar duk launinta ɗaya ne, ruwan ƙasa da toka-toka, mutum ya yi ta dubawa har idonsa ya gaji.

Amma mutanen ba su yarda su yi kama da ƙasarsu ba. Manomi yakan naɗa rawani ja wur, ko rawaya, ko ruwan goro. Mata kuwa, in ka hango su daga nesa a gona, sai ka ce furanni ne suke tafiya. Launin nan ba ado kaɗai ba ne, magana yake yi. Mutum in ya naɗa farin rawani fes, an san an yi masa rasuwa. Amarya ja take sawa. Macen da ta haihu, iyayenta sukan aiko mata da mayafi rawaya mai ja a tsakiya, wanda suke kira piliya, kowa ya gan ta da shi ya san mai jego ce. In damina ta faɗi sai mata su fito da mayafi mai ratsi-ratsi kamar igiyar ruwa. Gwauruwa kuwa, bisa ga al'adar dā, takan rabu da launi mai haske har iyakar ranta.

Mutanen da suka saba karanta launi a jikin tufa haka, ba abin mamaki ba ne su sa wa garuruwansu ma. Akwai manyan garuruwa uku a jihar da duniya ta san su da launinsu. Jaipur shi ne gari mai ruwan hoda, Jodhpur shuɗin gari, Jaisalmer kuwa garin zinariya. Mun zaga dukansu. Abin da muka riƙa tambaya ko'ina shi ne, wa ya zaɓi launin, wa kuma yake ɗaukar wahalar sabunta shi?

A Jaisalmer amsar ba ta da tsawo, saboda haka ba za mu daɗe a can ba. Ba wanda ya zaɓa. Sa'ad da sarki Rawal Jaisal ya kafa garin a kan tudu a shekara ta 1156, dutsen da ya samu a wurin shi ya yi gini da shi, dutsen kuwa rawaya ne. Ganuwa da fada da gidajen attajirai da ɗakin talaka duk daga mahaƙa irin ɗaya suka fito. Da la'asar, in rana ta yi ƙasa, garin yakan yi haske kamar an zuba masa narkakkiyar zinariya. Har yanzu dubban mutane suna zaune a cikin ganuwar. Damuwarsu ba ta launi ba ce, ta ruwa ce. An gina wurin domin mutanen da suke ɗebo ruwa da tulu. Da famfo ya shigo, aka buɗe masaukan baƙi masu ɗakunan wanka, sai ruwan ya riƙa tsiyaya cikin tudun yana cin gindin gini, har waɗansu sassan ganuwa suka zube.

GARIN DA SARKI YA SHAFE

Jaipur shi ne babban birnin jihar, kilomita wajen 270 daga Delhi. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa sun wuce miliyan uku. Ba tsohon gari ba ne ƙwarai. Sarki Sawai Jai Singh na Biyu ne ya kafa shi a 1727, da ya ga tsohuwar fadarsa ta Amber, wadda take cikin duwatsu kilomita 11 daga nan, ta yi wa jama'a kaɗan, ga kuma ƙarancin ruwa. Sarkin nan masanin lissafi ne da taurari. Bai bar garin ya tsiro yadda ya ga dama ba. Shi da wani masani mai suna Vidyadhar Bhattacharya suka zana shi tukuna, suka raba shi unguwa-unguwa da tituna miƙaƙƙu, manyansu sun kai mita 30 faɗi. Aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi bakwai. Kowace sana'a aka ba ta layinta, masu duwatsun ado nan, masu tufa can, maƙeran tagulla a wani gefe. Har yau haka kasuwannin suke.

Wanda ya shiga ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan, abin da zai fara lura da shi shi ne, sunan da aka ba garin bai dace sosai ba. Launin ba ruwan hoda ba ne irin na rigar jariri. Ja ne mai duhu-duhu, kamar sabon tulu da aka fitar daga wuta, ko jar ƙasar da ake yaɓe da ita. Asalinsa ma ƙasa ce. Wata irin jar ƙasa ce da suke kira geru, akan dama ta da farar ƙasa a shafa. Sa'an nan a bi gefen tagogi da ƙofofi da farin zane siriri. Titi ɗaya yakan miƙe fiye da kilomita guda, hagu da dama shaguna ne a ƙarƙashin rumfar gini, dukansu launi ɗaya, har sunayen shagunan ma iri ɗaya aka rubuta, baƙi a kan fari.

Labarin da kowane ɗan gari zai ba ku shi ne na shekarar 1876. A wannan shekara Yarima Albert Edward, ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya ziyarci Jaipur. Sarkin lokacin, Sawai Ram Singh na Biyu, ya ba da umarni a shafe gari duka da launi ɗaya domin a tarbi baƙon. Yariman nan shi ne ya zama Sarki Edward na Bakwai a 1901, a zamaninsa ne kuwa sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Masana tarihi sun ƙara da cewa jan launin ya riga zuwan yariman, gama tun dā sarakunan Jaipur suna sha'awar jan dutsen da sarakunan Mugal suka gina Delhi da Agra da shi, suka kwaikwaye shi da shafe. Ko ta wace hanya aka bi, daga fada abin ya fito. Baƙo ya yi 'yan kwanaki ya tafi, amma umarnin ya zama doka. Har wa yau mai shago a manyan titunan cikin ganuwa ba shi da ikon shafa wa gaban gininsa kore ko fari, ko da shi ya gāji ginin daga kakansa.

Abu ɗaya ya ba mu dariya. Da muka shiga harabar fadar sarki, wadda take tsakiyar gari, sai muka tarar yawancin gine-ginenta rawaya ne da ruwan madara. Mai doka bai ɗaura wa kansa ita ba.

Ginin da ya fi kowanne suna a garin shi ne Hawa Mahal, watau fadar iska. Sarki Sawai Pratap Singh ne ya gina shi a 1799. Hawa biyar ne, da ƙananan tagogi 953 masu raga ta dutse. Matan fada suna cikin kulle, saboda haka aka yi musu wurin da za su zauna su kalli kasuwa da hawan sarki ba tare da kowa ya gan su ba. Daga titi ginin yana da kwarjini kamar babbar fada. In ka zaga ta baya ka hau, sai ka ga benayen sama ba su da zurfi, faɗin ɗaki guda ne kawai. Kusan fuska ce tsantsa. A ganinmu launin Jaipur ma haka yake. Mun bar babban titi mun kutsa cikin lunguna, inda mutane suke kwana suna tashi. Nan da nan jan ya fara raguwa. Ga bango fari, ga shuɗi, ga siminti tsirara da ba a taɓa shafawa ba, ga wayoyin lantarki sun harɗe kamar saƙar gizo. Launin garin yana tsayawa ne inda idon baƙo yake tsayawa.

Duk da haka kada mai karatu ya zaci mutanen Jaipur suna jin nauyin abin kamar kayan da aka ɗora musu dole. Abin da ya fara da umarni ya daɗe har ya zama nasu. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2015, layinsa da sunan launin ake kiransa. Ƙungiyar wasan kurket ta jihar, Rajasthan Royals, ta koma sa riguna ruwan hoda a 2019. A wannan shekara kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗan Jaipur da yake aiki a Delhi ko Mumbai, in ya dawo gida ya hango jar ƙofar nan, ya san ya iso. Launin kuma yana ciyar da mutane, gama shi yake jawo baƙin da suke sayen zobba da darduma da yadi. Mai shago ya san haka. In ya yi gunaguni a kan doka da safe, da rana ita take kawo masa ciniki.

GARIN DA MATA DA MAZA SUKA SHAFE DA HANNUNSU

Daga Jaipur in aka nufi yamma kilomita wajen 330, itatuwa suna raguwa, zafi yana ƙaruwa, sai a isa Jodhpur. Ya girmi Jaipur nesa ba kusa ba. Rao Jodha ne ya kafa shi a 1459. Ya gina kagararsa, Mehrangarh, a kan wani dutse da ya tashi mita wajen 120 bisa gari. Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 360 a shekara ba, watau bai kai rabin na Kano ba. A watan Mayu zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki. A garin Phalodi, arewa maso yamma da nan, aka auna digiri 51 ran 19 ga Mayu 2016, zafin da ba a taɓa auna irinsa a Indiya ba.

Sai an hau kagarar ake ganin abin da ya ba garin suna. Mun tsaya a kan ganuwa mun duba ƙasa. Gidaje ne masu soro a shimfiɗe, sun cunkushe a gindin dutsen kamar an zubar da akwatuna, da yawansu kuwa shuɗɗa. Ba shuɗi iri ɗaya ba ne. Wani kamar sararin sama da hantsi, wani kamar farar riga da aka cika wa bula, wani ya yi duhu ya kusa zama baƙi. Kewaye da su hamada ce ja-ja. Mutum ya ce wani tafki ne ya ɓullo a tsakiyar rairayi.

A nan ba wani sarki da ya ba da umarni, ba kuwa dokar da ta tilasta wa kowa. Shi ya sa in ka tambayi dalili za ka ji amsa iri-iri, kowace kuwa tana da ƙamshin gaskiya.

Ta fari ta shafi asali. Masu karatu za su tuna cewa addinin Hindu ya raba mutane aji-aji tun daga haihuwa. A sama akwai Brahmin, su ne firistoci da masu ilimi. Bayansu sarakuna da mayaƙa, sa'an nan 'yan kasuwa, sa'an nan ma'aikata. Can ƙasa kuma akwai waɗanda a dā ko taɓa su ba a yi, yanzu ana kiransu Dalit. Unguwar da ta fi kowace shuɗi a Jodhpur sunanta Brahmpuri, watau unguwar Brahmin. An ce su suka fara shafa shuɗi domin a bambanta gidajensu da na sauran jama'a, suna kuma danganta launin da gunkinsu Shiva, wanda suke cewa maƙogwaronsa shuɗi ne. In haka ne, to, kyakkyawan launin nan da fari shinge ne, yana cewa da wani, kai tsaya daga nan. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa, ko da yake al'ada ba ta mutuwa rana ɗaya. A Jodhpur dai shingen launin ya daɗe da karyewa, gama maƙwabta na kowane aji sun ga abin ya yi kyau, su ma suka shafa, ba wanda ya iya hana su. Wani abin mamaki kuma, a siyasar Indiya ta yau shuɗi launin Dalit ne. Jagoransu Dakta Ambedkar, wanda ya shugabanci rubuta tsarin mulkin, sau da yawa in aka kafa siffarsa da shuɗin kwat ake yin ta, tutocinsu ma shuɗɗa ne. Launi ɗaya, a bangon Jodhpur alamar na sama ne, a kan tuta kuwa alamar na ƙasa.

Amsa ta biyu ta zafi ce, mu kuwa ita ta fi kama mana hankali, domin mun ji ta a jikinmu. Da tsakar rana muka sauko daga kagara muka shiga lungunan unguwar Navchokiya. Lungun bai fi mutum biyu su gifta juna ba, in saniya ta tsaya a ciki sai an jira ta. Bangon dutse ne mai kauri, gidajen suna yi wa juna inuwa, shafen kuma yana mai da hasken rana baya maimakon ya sha shi. Gaskiya ce, fari tas zai fi shuɗi korar zafi. Amma wanda ya taɓa duban farin bango da rana tsaka a watan bazara ya san yadda yake kashe ido. Ɗan shuɗin da aka zuba shi yake kwantar da hasken. Ido yana hutawa, rai ma yana hutawa. Tsofaffi suna zaune a dakalin ƙofar gida, yara suna wasa, mata suna hira daga taga zuwa taga, a lokacin da manyan titunan sabon gari suke kamar tanda.

Amsa ta uku ta gara ce. Farar ƙasa da kanta ƙwari ba sa son ta, waɗansu kuma sukan haɗa ta da wani shuɗin gishiri na tagulla domin maganin gara da sauran ƙwarin bango.

Yadda ake shafen ba wuya. Akan jiƙa farar ƙasa a baho ta kwana, a zuba mata shuni, a dama, a shafa da burushi ko tsintsiyar ciyawa. Shunin na dā daga ganyen baba ake samunsa, dangin baban da marinan Ƙofar Mata a Kano suke zubawa a karofinsu. Amma irin wannan shafe ba ya daɗewa. Rana ta ci shi, ruwan damina ya wanke shi. Saboda haka kowace shekara, kafin babban bikinsu na fitilu da ake kira Diwali, wanda yakan faɗo a Oktoba ko Nuwamba, iyali sukan fito su sabunta gidansu, kamar yadda akan yi wa ɗaki daɓe da shafe in biki ya gabato. Uwa tana damawa, samari suna kan tsani, yara suna ɓata jikinsu. Kowane gida da hannunsa, wani ya cika shuni, wani ya rage. Dalilin da ya sa ba a samun gida biyu masu shuɗi iri ɗaya ke nan. Shafen kuma bai tsaya a bakin titi ba. Yana shiga zaure, da tsakar gida, da matakala, har kan soro inda ake shanya da kwana lokacin zafi.

To, wannan shi ne abin da yake ɓacewa. Daga kan kagara ana ganin haka sarai. A tsakanin shuɗɗan gidaje akwai tabo-tabo masu yawa, toka-toka na siminti, da fari, da rawaya, da jan dutse. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Noman baba ya daɗe da durƙushewa a Indiya, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, irin cutar da ta taɓa marinan ƙasar Hausa su ma. Shuni na ainihi ya yi wuya, ya yi tsada. Wanda ya rushe tsohon gida ya sāke gini, da siminti da tayil yake yi, ya sayi fentin gwangwani da zai yi shekaru bai sāke ba. Wanda ya sami hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ba ruwansa da ko bango yana korar zafi, na'urar kuwa tana huro zafin cikin lungun da maƙwabcinsa yake zaune. Samarin da suke hawa tsani sun tafi karatu da aiki a manyan birane. Garin kansa ya wuce mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2011, yawancinsu kuwa a bayan ganuwa suke, a unguwannin da ba su taɓa zama shuɗɗa ba.

Ba mu ga laifin kowa a cikinsu ba. Mace mai 'ya'ya biyar da take lissafin kuɗin makaranta, ba wanda zai ce mata ta riƙa sayen farar ƙasa da shuni kowace shekara domin baƙo ya hau dutse ya ji daɗin kallo. A Jaipur doka ce take riƙe da launi, ko mutum yana so ko ba ya so. A Jodhpur ba abin da yake riƙe da shi sai amfanin da yake yi wa mai gida, amfanin kuwa yana raguwa.

Waɗanda suka fi damuwa yanzu su ne masu cin abinci da baƙi. Masu masauki da masu gidajen abinci a gindin kagara suna shafe gine-ginensu da shuɗi, an kuma bi waɗansu lunguna an yi musu fenti da zane-zanen ɗawisu da raƙuma, inda matasa suke tsayawa layi su ɗauki hoto da wayar hannu. Wannan sabon shuɗi ba wuya a gane shi. Ya fi na dā duhu, yana ƙyalli, iri ɗaya ne daga wannan gida zuwa wancan, sau da yawa kuma a bakin ƙofa yake ƙarewa. Na dā kuwa ba ya ƙyalli, yana da dabbare-dabbare inda aka yi shafe bisa shafe shekara da shekaru, in ka goga masa yatsa sai ɗan gari shuɗi ya biyo hannunka. Irin wannan sai mun yi nisa cikin Brahmpuri muka riƙa samunsa, a gidajen da tsofaffi suka fi yawa.